Waƙa Ɗaya, Na'urori Iri-iri: Tarihin "St. Louis Blues" da Kimiyyar Ɗaukar Sauti

Gabatarwa

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Haka ita ma waƙa take tun zamanin kaka da kakanni. Da zarar mawaƙi ya rufe baki, shi ke nan muryarsa ta bi iska, sai dai abin da ya saura a zukatan waɗanda suka halarta. Wannan hali bai sauya ba sai a shekarar 1877, lokacin da Thomas Edison na ƙasar Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Bayan shekara goma, wato a 1887, Emile Berliner ya fito da dabarar faifai mai faɗi, wadda ta haifar da garmaho.

Wannan darasi zai bi sawun waƙa guda ɗaya ta baƙaƙen fatar Amurka, mai suna "St. Louis Blues", daga takardar da aka fara rubuta ta har zuwa kwamfuta. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa kowace na'ura tana da iyakar abin da take iya kamawa, kuma wannan iyaka ita ke yanke irin waƙar da za ta iso kunnen 'yan baya.

Mene ne Buluz?

Buluz wani salon waƙa ne da ya tsiro a kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, a tsakanin 'ya'ya da jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. An haramta bauta a ƙasar a 1865, amma talauci da wariyar launin fata ba su tafi tare da ita ba. Saboda haka jigon waɗannan waƙoƙi yakan kasance rabuwa da masoyi, ko rashin abin hannu, ko wahalar tafiye-tafiye neman aiki.

Baitin buluz yana da ɗango uku. Mawaƙi yakan rera ɗango na farko, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku wanda zai warware maganar. Ana shimfiɗa baitin a kan gaɓoɓin kiɗa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, wato kowane ɗango gaɓa huɗu ke nan. Kalmomin ɗango ba su cika cinye gaɓoɓin duka ba. Sukan bar fili a ƙarshe, inda abin kiɗa ko abin busa zai mayar da jawabi, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa jagora.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan tushen wannan salo a Afirka. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 mai suna "Africa and the Blues", ya nuna cewa siffofi da dama na buluz sun yi kama da kiɗan yankin sabana na Afirka ta Yamma, inda akan sami mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya, irin su goge da molo, yana lanƙwasa murya. Ƙasar Hausa tana cikin wannan yanki. Duk da haka, buluz a Amurka aka haife shi, kuma rayuwar can ce ta rene shi.

Handy da Takarda

An haifi William Christopher Handy a garin Florence na jihar Alabama a 1873. Mahaifinsa limamin coci ne wanda bai ɗauki kiɗa a bakin sana'ar mutumin kirki ba. Amma yaron ya koyi busa ƙaho, ya kuma koyi rubuta kiɗa a takarda bisa tsarin Turawa. Wannan ilmi na biyu shi ya bambanta shi da dubban mawaƙan karkara na zamaninsa.

A tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1941, Handy ya ba da labarin abubuwa biyu da suka tsaya masa a rai. Na farko, a farkon shekarun 1890 ya sami kansa a birnin St. Louis ba aiki ba kuɗi, yana kwana a bakin kogin Misisipi. A can ya ga wata mata tana tafe tana kukan mijin da ya guje ta. Na biyu, wajen 1903, a tashar jirgin ƙasa ta wani ƙaramin gari mai suna Tutwiler a jihar Misisipi, ya ji wani mutum yana kaɗa jita yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyinta, sautin yana zamewa daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da yankewa ba.

A 1912 Handy ya buga waƙar "Memphis Blues", amma ya sayar da haƙƙin mallakarta a kan kuɗi ƙalilan, wasu suka ci ribarta. Wannan ya zame masa darasi. Ya haɗa gwiwa da Harry Pace suka kafa kamfanin buga waƙoƙi nasu na kansu, kuma da ya rubuta "St. Louis Blues" a birnin Memfis a watan Satumba na 1914, kamfanin nasu ne ya buga ta. Waƙar ta ci gaba da kawo masa kuɗi har ƙarshen rayuwarsa.

Waƙar kukan mace ce wadda wata mai ado da lu'ulu'u ta birnin St. Louis ta janye mata miji. Handy ya gina ta kashi uku. Kashi na farko da na uku suna bin tsarin gaɓoɓi 12, shi kuwa na tsakiya gaɓa 16 ne, kuma yana tafiya a kan bugun rawar tango, wadda ake yayi a lokacin. Handy ya taɓa ziyartar tsibirin Kyuba a 1900, inda ya ji irin wannan bugu a wurinsa na asali.

Abin da Takarda ta Kasa Riƙewa

Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska. Idan tsirkiya ta yi karkarwa, sai ta riƙa tura iskar da ke kusa da ita tana janyewa, wannan motsi ya yi ta yaɗuwa har ya iso dodon kunne. Yawan karkarwa a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke nuna ko sauti siriri ne ko kakkaura. Ana auna shi da ma'aunin da aka raɗa wa sunan masanin Jamus, Heinrich Hertz. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin abin da ya kama daga karkarwa 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa.

A kan fiyano akwai wani mataki mai karkarwa 440 a daƙiƙa. Idan aka ninka wannan adadi aka sami 880, kunne zai ji kamar sautin farko ne ya dawo cikin siririyar murya. Tsarin Turawa ya raba tazarar da ke tsakanin 440 da 880 zuwa matakai 12. Idan aka fara ƙirge daga 440, mataki na uku yana da karkarwa kimanin 523, na huɗu kuwa 554. Tsakanin waɗannan biyun fiyano ba shi da komai, ita ma takardar kiɗa ba ta da wata sananniyar alama.

To, a daidai irin wannan gurbi ne mawaƙin buluz ya fi son ajiye muryarsa. Yakan taso daga ƙasa ya zame zuwa sama, ko ya tsaya a tsakani yana lilo. Abin da mai wuƙar nan na Tutwiler yake yi ke nan. Handy ya yi dabara, ya rubuta mataki na uku a cikin karin waƙar alhali kiɗan rakiya yana riƙe da na huɗu, domin gogayyar biyun ta nuna inda ake nufi. Amma nuni ne kawai. Wanda bai taɓa jin buluz da kunnensa ba, ba zai iya fitar da shi daga takarda ba.

Zamanin Mazurari

A ƙarshen 1915 ƙungiyar mabusa ta Charles Prince ta ɗauki waƙar a faifan kamfanin Columbia, kiɗa zalla ba murya. Marion Harris ta rera ta a 1920, ƙungiyar Original Dixieland Jazz Band kuma ta ɗauka a 1921. Duk waɗannan farar fata ne, domin kamfanonin faifai ba su yarda baƙar fata za su iya zama kasuwa ba. Sai da faifan "Crazy Blues" na Mamie Smith ya fito a 1920, aka yi rububinsa a unguwannin baƙaƙe, sa'an nan kamfanonin suka farga suka shiga neman mawaƙa baƙaƙe mata.

A wancan zamani ba a amfani da makirufo wajen ɗaukar faifai. Mawaƙi yakan tsaya ne gaban wani babban mazurari na ƙarfe. Mazurarin yana tattara karkarwar iska ya kai ta ga wani ɗan siririn marfi da ke can ƙarshensa. Marfin yana motsa allura, ita kuma allurar tana yanka tsagi mai lanƙwashe-lanƙwashe a kan faifan kaki da ke juyawa. Bayan an gama, sai a lulluɓe kakin da ƙarfe ta hanyar lantarki a sami hatimi, da shi ake danna dubban fayafaye. Ana yin fayafayen da shalak, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a kan itatuwa a Indiya da Tailan, a gauraya shi da garin dutse.

Wannan hanya tana da iyakoki uku. Na farko, ƙarfin muryar mawaƙi shi kaɗai ke tura allura, don haka mai ƙaramar murya ba ya fita sosai. Na biyu, na'urar tana kama abin da ke tsakanin karkarwa kimanin 250 zuwa 2,500 ne kawai. Kakkauran sautin babbar ganga yana ƙasa da wannan, kaifin haruffa irin su "s" da "sh" kuwa yana sama da shi. Na uku, faifai mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 78 a minti ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska. Ga shi kuma ba a gyara kaki: wanda ya yi kuskure, sai a sako sabo a faro daga farko.

Ranar 14 ga Janairu, 1925

A wannan rana ce Bessie Smith ta shiga ɗakin ɗaukar sauti na Columbia a birnin Niyok. 'Yar garin Chattanooga ce a jihar Tenesi, ta girma tana waƙa a bakin titi da rumfunan wasa inda babu lasifika, saboda haka ta mallaki murya mai cika fili. Tun 1923 take yi wa kamfanin fayafaye. Mutum biyu ne suka raka ta. Akwai Louis Armstrong, saurayi ɗan shekara 23 daga birnin New Orleans, da ƙaramin ƙahonsa na tagulla. Akwai kuma Fred Longshaw, wanda ya kaɗa hamoniya, wani abin kiɗa mai kama da ƙaramin fiyano wanda ake hura wa iska da zugazugin ƙafa.

Bessie ta ja waƙar a hankali ƙwarai, ta rage baitocin da Handy ya rubuta domin abin ya shiga cikin minti uku. A ƙarshen kowane ɗango, inda tsarin buluz ya bar fili, Armstrong yakan amsa mata da ƙaho, kuma ba ya maimaita amsa ɗaya sau biyu. Hamoniya tana riƙe da dogon sauti a ƙarƙashinsu kamar a ɗakin ibada. Babu ganga ko ɗaya. Muryar mace mai ƙarfi da sautin ƙaho duk suna zaune ne a tsakiyar abin da mazurari ke iya kamawa, shi ya sa faifan ya fita da kyau duk da ƙarancin na'urar.

A nan ne abin da takarda ta kasa riƙewa ya sami mazauni. Duk wanda ya saurari wannan faifai zai ji yadda Bessie ke zamewa tsakanin matakai, da yadda take jinkirta kalma ta bar bugu ya wuce kafin ta sauke ta. Allura ba ta san matakai 12 ba, duk karkarwar da ta iso ta ita take yankawa.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin. Handy, mai takarda, yana da rabo a duk lokacin da aka sayar da waƙarsa. Bessie, mai murya, ladan aiki ake biyan ta a kan kowace waƙa da ta ɗauka, ba ta da kaso a cikin cinikin fayafayen. Ta rasu a haɗarin mota kusa da garin Clarksdale na jihar Misisipi a 1937, kuma kabarinta ya zauna ba alama har 1970.

Shigowar Lantarki

Makonni kaɗan bayan wancan zama, Columbia ta fara aiki da sabuwar hanyar da injiniyoyin kamfanin Western Electric suka ƙirƙiro ƙarƙashin jagorancin Joseph Maxfield da Henry Harrison. A wannan hanya makirufo ne ke karɓar karkarwar iska ya mayar da ita ƙaramin lantarki mai hawa da sauka. Wata na'ura mai ƙwayayen gilashi tana ƙara wa lantarkin ƙarfi, sa'an nan maganaɗisu ya motsa allurar yanka. Nan take iyakar abin da ake kamawa ta buɗe, ta kai wajen karkarwa 6,000 a sama, ta kuma sauka ƙasa da 100. Ashe faifan Bessie yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka yi da mazurari.

A 1929 an yi wani gajeren fim mai sunan waƙar, tsawonsa kimanin rubu'in sa'a, wanda Dudley Murphy ya shirya. Bessie ce tauraruwarsa, kuma shi kaɗai ne hotonta mai motsi da duniya ta mallaka. A nan ba allura aka yi amfani da ita ba. An mayar da sautin haske mai rawa, aka ɗauki hotonsa a gefen zaren fim. Idan majigi yana juyawa, fitila tana haska gefen, wani ido na lantarki ya mayar da hasken sauti. A 2006 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin cikin jerin waɗanda ƙasa za ta adana.

A watan Disamba na 1929 Armstrong ya sake ɗaukar waƙar, wannan karo da ƙungiyar Luis Russell. Yanzu da makirufo ke iya kama ganga da babbar tsirkiya mai kauri, sai waƙar makoki ta rikiɗe ta zama ta rawa mai sauri. Daga nan kowa ya ja ta inda yake so. Earl Hines ya mayar da ita wasan fiyano mai zafi a 1940. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyar sojan sama da Glenn Miller ya jagoranta ta mayar da ita kiɗan fareti.

Tef da Dogon Faifai

Kamfanin AEG na Jamus ya nuna na'urar tef a 1935, amma sai bayan yaƙi, wajen 1948, ta bazu a ɗakunan ɗaukar sauti na Amurka. Tef zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe. Lantarkin da ya fito daga makirufo yana jera ƙwayoyin garin ta hanyar maganaɗisu, kamar dai yadda kaset ke aiki. Ana iya yanka tef da reza a cire kuskure a sake liƙewa. A shekarar 1948 ɗin ce kuma Columbia ta fito da dogon faifai na roba, mai siririn tsagi, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar fiye da minti 20.

Sakamakon haka ya bayyana a watan Yuli na 1954, lokacin da Armstrong ya ɗauki faifai guda cur na waƙoƙin Handy a birnin Shikago. "St. Louis Blues" ita ta buɗe faifan, kuma ta kai kusan minti tara, tare da mawaƙiya Velma Middleton. Abin da aka matse cikin minti uku a 1925 ya sami sarari kusan ninki uku. A watan Yuli na 1956 Armstrong ya busa waƙar a wani filin wasa a Niyok tare da babbar ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin Leonard Bernstein. Handy yana cikin 'yan kallo, yana da shekara 82, idanunsa sun riga sun tafi. Ya rasu a watan Maris na 1958.

Zamanin Lambobi

Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982. A wannan tsari ana auna tsayin igiyar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a adana kowane awo a matsayin lamba. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa irin wannan awo yana iya riƙe sauti har zuwa rabin adadin, wato karkarwa 22,050, abin da ya zarce jin ɗan Adam. Da kwamfuta injiniyoyi kan share ƙarar tsatsa da ƙyas-ƙyas daga tsofaffin fayafaye, shi ya sa ake jin Bessie a yau fiye da yadda masu garmaho suka ji ta. Amma kwamfuta ba ta iya dawo da abin da mazurari bai kama ba tun farko. Duk abin da ke cikin muryarta sama da iyakar na'urar ya tsaya a ɗakin nan na Niyok a 1925.

Gwaje-gwaje Domin Aji

1. A ɗaure leda tamau a bakin gwangwani, a barbaɗa gishiri a kai. Ɗalibi ya naɗe takarda mai kauri kamar mazurari, ya yi waƙa ta faffaɗan bakin, ƙaramin bakin yana kusa da ledar. A lura da motsin gishirin, a kwatanta shi da na allurar yanka.

2. A ɗaure waya siririya tsakanin ƙusoshi biyu a kan katako. A kaɗa ta ana goga kwalba a kanta daga wannan gefe zuwa wancan. Me ke faruwa ga sautin idan ɓangaren da ke karkarwa ya gajarta?

3. Faifai yana juyawa sau 78 a minti. Sau nawa zai juya a waƙa mai minti uku? Idan na sau 33 da sulusi ne, sau nawa zai juya a minti tara?

Kammalawa

Takarda ta adana tsarin "St. Louis Blues" da haƙƙin mai ita. Kaki ya adana lanƙwasar muryar Bessie Smith, makirufo ya shigo da ganga, tef da dogon faifai suka ba da lokaci. Amma matar da Handy ya gani a bakin kogi, da mai jitar tashar Tutwiler, babu wanda ya ɗauki muryarsu, ko sunayensu ba a rubuta ba. Waɗanda suka haifi salon su ne aka rasa.

Wannan abin lura ne ga kowace makaranta. A garuruwa da ƙauyuka akwai tsofaffi masu waƙoƙin daka da na niƙa da na noma waɗanda ba a taɓa ɗauka ba, akwai kuma kaset-kaset na mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya suna lalacewa cikin zafi da ƙura. Wayar hannu ta yau tana kama sauti fiye da duk abin da kamfanin Columbia ya mallaka a 1925. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya neman izinin irin waɗannan dattawa ta ɗauki muryoyinsu, ta rubuta sunan mai waƙa da garinsu da ranar ɗauka, sa'an nan ta ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.